Abin da Ya Kai Baɗi Shi Ne Sakamakon Makaranta

A ƙarshen watan Yuli, lokacin da damina ta kankama, makarantunmu ke rufe shekarar karatu, kuma duk wadda ke da hali takan shirya bikin yaye ɗalibai da rabon kyaututtuka. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, iyaye mata sun ci ado, 'yan ajin ƙarshe sun sha rigunan yaye. Shugaban makaranta zai miƙe ya karanta rahoton shekara: ɗalibai kaza suka zauna WAEC da NECO bara, kashi kaza cikin ɗari suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wance ta ci maki kaza a JAMB, an zo na biyu a gasar kacici-kacici ta ƙaramar hukuma. Kafin a watse sai a raka babban baƙo zuwa bakin ƙofa, a miƙa masa dashen darbejiya ko mangwaro a cikin baƙar leda, ya sa a rami, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto. Da wuya ka ji wani a cikin taron ya tambayi inda dashen babban baƙon bara yake. Wannan tambayar da ba a yi, a kanta ya kamata a gina rabin rahoton shekara.

Abin da nake kira a yi shi ne makaranta ta riƙa kawo wa iyaye lissafi biyu. Na farko wanda aka saba, sakamakon jarrabawa. Na biyu, abin da hannun ɗalibai ya yi a cikin shekarar don magance wata matsala ta garinsu, da kuma nawa ne daga cikin aikin bara yake raye har yau. Kalmar ɗorewa da ta cika bakin ƙungiyoyi da hukumomi a 'yan shekarun nan ba baƙuwa ba ce a wurin manomi, don shi abin da ya kai baɗi yake kira mai ɗorewa. Kuma kalandar ƙasarmu ta riga ta tsara wa wannan lissafi jarrabawa mai tsanani. Ana dashe a Yuli ko Agusta, daidai lokacin da yara suka tafi dogon hutu. Ruwa na ɗaukewa a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Daga nan sai kaka, sai hunturu da ƙurarsa, sai zafin bazara, wata bakwai ko fiye babu ɗigon ruwan sama, ga awakin unguwa da ba su san katangar makaranta ba. Bishiyar da ta ga Yuli na biyu, tabbas akwai wanda ya yi mata shingen ƙaya ko na bulo, akwai wanda ya ɗauko mata ruwa kwanaki ɗari biyu da ɗoriya, akwai malamin da ya raba aikin ya kuma bi sawunsa. Ana satar amsa a ɗakin jarrabawa, kowa ya san cibiyoyin da ake biya don haka. Tsayin bishiyar shekara guda kuwa ba a sayensa a kasuwa ranar jajiberin biki.

Misalin abin da nake nufi da aikin da ya shafi gari ba sai an je nesa ba. A watan Disambar 2023, a wajen taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Dubai, makarantar Gwani Ibrahim Dan Hajja Academy ta Najeriya ta lashe kyautar Zayed a rukunin makarantun sakandare na Afirka kudu da Sahara, kyautar da ke kai wa dala 150,000. Shirin da ta gabatar na gina na'urar busar da amfanin gona da hasken rana ne, domin ƙananan manoma. Duk wanda ya taɓa bi ta Kadawa ko Kura ko Ɗanja a watan Fabrairu da Maris ya san ciwon da aka nufa. Tumatirin rani yana nuna lokaci guda, kasuwa ta cika ta batse, kuɗin kwando ya faɗi har wani lokaci bai biyan kuɗin mota. Manomin da bai son asara sai ya zauna da iyalinsa su yi ta yanka, su shanya a ƙasa a gefen hanya, ƙura ta rufe shi, kaji su bi ta kai, ya bushe da yashi a jikinsa, ya kuma yi baƙi. Na'urar da ke gyara wannan ba wani abin tsoro ba ce: akwati ne da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, an rufe samansa da gilashi ko farar leda, an jera rariya a ciki, an bar kafa a ƙasa inda iska ke shiga da wata a sama inda take fita da danshi. Yaron da ya haɗa wannan akwati da hannunsa ya ga dalilin da baƙin abu ke riƙe zafi, ya ga iska mai zafi na tashi sama. Idan ya auna kilo goma na ɗanyen tumatir ya dawo ya tarar abin da ya rage bai kai kilo ɗaya ba, to ya fahimci lissafin kashi cikin ɗari fahimtar da ba zai manta ba, don tumatir sama da kashi casa'in cikin ɗarinsa ruwa ne. Idan ya haɗa kuɗin katako da leda ya raba da ribar kowane buhu, ya shiga darasin tattalin arziki. Duk waɗannan suna cikin manhajar da WAEC ke tambaya a kai. A zagayen kyautar na 2025 ma, makarantar Sakafia Islamic ta yankin Kumasi a Gana ce ta ɗauki wannan rukuni, da shirin kiwon kifi haɗe da noman ganye, inda ruwan da kifi ya ɓata ke zama takin shuka.

Kafin waɗannan akwai marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, wanda ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin da ya yaɗa a ƙauyuka randa biyu ce, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin ke tsattsafowa ta jikin babbar randar yana bin iska, yana tafiya da zafin cikin ƙaramar, sai yalo da tumatir da tattasai su yi makonni a maimakon 'yan kwanaki. Kowace tsohuwa ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, kowane littafin kimiyya na ƙaramar sakandare kuma yana da babi a kan yadda ruwa ke zama tururi. Mutumin da ya fito daga gidan masu ginin tukwane ya kuma yi karatun boko ne ya haɗa biyun. Makarantar da ta san aikinta irin wannan haɗin za ta riƙa sa ɗalibanta su gwada kowane zango.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, kuma ya yi gaskiya. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982, ginshiƙinsa ke nan: yaro ya gama ƙaramar sakandare da wata sana'a a hannu. An shigo da injuna daga ƙasashen gabashin Turai domin darasin fasaha, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. A 2011 aka fito da manhajar babbar sakandare mai sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Makarantu da dama suka zaɓar wa ɗalibansu waɗanda alli da allo suka wadatar, yaro ya haddace matakan kiwon dabba ya zuba a takarda bai taɓa riƙe ƙafar tunkiya ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake taƙaita sana'o'in zuwa shida, ciki har da haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwo, da gyaran waya da kwamfuta. Niyya mai kyau ce, kamar waɗanda suka gabace ta. Amma abin da ya kayar da na baya yana nan bai gusa ba. Shugaban makaranta ya san abin da ma'aikatar ilimi za ta tambaye shi, ya san abin da mai makaranta mai zaman kanta zai buga a allon talla, ya san abin da iyaye za su tafa wa. Duk ukun adadi ɗaya suke nema, shi ne na kiredit biyar. Abin da ba a ƙirgawa shi ake fara yankewa idan lokaci ko kuɗi ya yi kaɗan. Shi ya sa nake ganin gyaran yana farawa daga rahoton shekara, kafin sayen inji ko sauya manhaja.

Suka ta farko ga wannan shawara daga iyaye take fitowa, kuma ba ta raini ba ce. Uban da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin jarrabawa, takardar da za ta buɗe wa ɗansa ƙofar jami'a ko aikin ɗamara yake nema, bai kai shi makaranta don ya koyi abin da zai iya koya a gonar gida ba. Duk sa'ar da aka kashe a lambu, a ganinsa, an ɗebe ta ne daga Turanci da Lissafi. Sai dai a duba abin da hadda zalla ta haifar a fagen da ta fi ƙwarewa. A jarrabawar JAMB ta 2025 kusan ɗalibai miliyan biyu suka zauna, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗannan yara ba lambu ne ya cinye musu lokaci ba. Shekara shida suka yi suna kwafe rubutu daga allo. Ilimin da ba a taɓa amfani da shi a kan wani abu na zahiri ba, da zarar mai tambaya ya juya tambayar sai ya watse. Sannan mafi yawan masu zama jarrabawar ba za su samu gurbin jami'a a shekarar ba, ko da sun ci. Rahoton da ke magana a kan 'yan kaɗan da suka wuce kawai, ya yi shiru a kan mafi yawan 'ya'yan mutanen da ke zaune a ƙarƙashin rumfar.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wurina, domin tana da tarihi a bayanta. Mutane da yawa da suka yi makarantar kwana, abin da suke tunawa game da gonar makaranta shi ne horo. Ka makara, a ba ka fartanya. Ka yi surutu, a auna maka kunya goma. Da kaka kuma amfanin ya bi wata hanya da ɗalibi bai sani ba. Wannan ya koya wa yara cewa aikin ƙasa hukuncin mai laifi ne, darasin da har gobe muke biyan kuɗinsa. Ko a Tanzaniya, inda Julius Nyerere ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai a 1967 aka kuma sa makarantu noma, an sha kokawa cewa a wurare da dama aikin ya zama gumi kawai, ba a haɗa shi da abin da ake koya a aji ba, yayin da jarrabawar takarda ta ci gaba da yanke wa yaro makoma. Ga kuma 'yan matan da tun asuba suna kan talla ko ɗiban ruwa. Rashin adalci ne makaranta ta ƙara musu wani aikin ƙarfi da sunan tarbiyya. Abin da ke raba koyo da bauta a nan a fili yake. Kada a taɓa ba da aikin lambu a matsayin horo. Littafin shiga da fitar kuɗin aikin ya kasance a hannun ɗalibai, a karanta shi a gaban iyaye. Kowane aiki ya kasance da tambayar da yake amsawa, da awo, da rubutu: wane shinge ya fi kare dashe, na ƙaya ko na bulo, kuma nawa kowanne ya ci? Sannan a ba shi maki a cikin makin gwajin zango da makarantu suka riga suka ware. Inda aka kasa cika waɗannan, gara a bar yaran a aji.

Sai maganar kuɗi. Akwai makarantun gwamnati da aji guda ke ɗauke da yara sama da ɗari a ƙasa, rufi na yoyo, malami ɗaya na riƙe da darussa uku. A irin wannan wuri rufi da koyon karatu su ne gaba da komai, ban musa ba. Amma aikin ɗorewa mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar Hausa kusan bai ci ko sisi ba. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, ayyukan dashe masu tsada kuma suna ta mutuwa. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirrai da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona toho ne daga kututturen itatuwa masu rai, saiwarsu na can ƙasa da ƙarfinta. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya tsuguna a gaban kututturen, ya zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafiya miƙewa, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya kare su daga dabba da wuta. Manoman yankin suka sa masa suna sassaben zamani. Masu bincike da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi sun kiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan ɗari biyu, da yawansu gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Makarantar ƙauye da ba ta da kuɗin sayen dashe ko ɗaya tana iya zaga filinta da ɗalibai, su ƙirga kututture masu rai, su rubuta sunan kowanne da Hausa, su auna tsayinsa kowane wata. Wannan rubutun da awon shi kansa darasin karatu ne da lissafi ga yaron da bai iya ba tukuna. A birni kuma malaman da manhaja ke nema suna nan birjik ba a cikin ofis ba. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano, da marina na Ƙofar Mata, da maƙera da teloli da masu haɗa sola na kowace unguwa, yawancinsu iyayen ɗalibai ne. Kwamitin iyaye da malamai na iya roƙon ɗaya daga cikinsu ya ba da yammacin Laraba guda a wata, kuma mutanenmu ba sa ƙin irin wannan girmamawa.

Akwai haɗari ɗaya da ya shafi hujjar da na fara da ita, kuma dole a faɗe shi. Gasa da kyaututtuka na iya mayar da aikin hannu wani sabon ado. A zaɓi yara biyar masu kaifin baki, malami ya yi rabin aikin, a kai baje koli, a dawo da kofi, na'urar ta tafi sito ta haɗu da injunan 1982. Sauran ɗalibai ɗari biyar ba su taɓa ta ba. Kyautar da aka ci a Dubai abin alfahari ce ga arewa baki ɗaya, amma ma'aunin da nake kira a ɗora wa kowa bai ware ta ba: darajar kowace na'urar busar da tumatir ita ce rani nawa ta yi tana aiki, manoma nawa suka kwaikwaye ta, kuma ajin da ya gina ta ya koya wa na bayansa gyaranta kafin ya fita ko bai koya ba. A nan ne yawancin ayyukanmu ke mutuwa. Farantan sola da wata ƙungiya ta kafa wa makaranta suna raguwa da ƙarfi idan ƙurar hunturu ta lulluɓe su babu mai gogewa, batir ya mutu babu wanda ya tanadi kuɗin sabo, famfon rijiyar burtsatse ya tsaya saboda ƙaramin ƙarfe guda. Makaranta kuwa wuri ne da mutanensa ke sauyawa duk shekara. Idan ba a mayar da miƙa aiki daga aji zuwa aji al'ada ba, da littafinsa da ranarsa, to kowane aiki zai fita tare da waɗanda suka fara shi.

Wannan cuta ba ta makarantu kaɗai ba ce. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda a Najeriya ya shafi jihohi goma sha ɗaya daga Kebbi har Borno, burinsa farfaɗo da hekta miliyan ɗari kafin 2030, amma rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan huɗu aka cimma a yankin da aka shata. Kowace damina ana sanar da miliyoyin dashen da za a raba, ba kasafai ake dawowa da bazara a faɗi nawa suka rayu ba. Yaran da ke zaune a aji yau su ne ma'aikatan gandun daji da kansiloli da kwamishinonin gobe, kuma al'adar ƙirga da suka tashi da ita za su kai ofis.

Ma'aikatun ilimi na jihohi na iya ƙara wannan lissafi na biyu a takardar da masu duba makarantu ke cikewa, ba tare da sabon kasafi ba. Amma ba sai an jira su ba. Kwamitin iyaye na kowace makaranta na iya tsayar da rana guda a watan Mayu, kafin ruwan farko ya sauka ya rufa wa kowa asiri. A ranar dattawa biyu da uwa ɗaya daga cikin kwamitin su zaga filin makaranta tare da ɗalibai biyu masu riƙe da littafi. Su tsaya a kan kowane ramin da aka yi dashe bara su rubuta mai rai ko matacce, su buɗe famfo su ga ko ruwa na zuwa, su kunna fitilar sola, su sa a buɗe sito. Abin da suka rubuta shi shugaban makaranta zai karanta a watan Yuli bayan ya gama da kiredit biyar, da sunan ajin da ya yi rainon kowace bishiya, kafin a miƙa wa babban baƙo dashen bana.